Ragar da Aka Sa wa Ɗan Farina

Da ana mayar da magana ciki bayan ta fita, akwai guda ɗaya da zan mayar. Na faɗe ta ne a gindin darbejiyar ƙofar masallacinmu a Kangire, bayan la'asar, mutane suna dariya, ni ma ina jin daɗin dariyar tasu. Wani ne ya dawo daga dubiya a asibiti, ya kawo labarin wai yanzu idan za a yi wa mutum aikin ƙaba, wata raga ake shimfiɗa masa a ciki a ɗinke. Sai na gyara zama na ce, "Ni dai ba za a binne ni da raga kamar kifi ba. Duk wanda ya yarda aka sa masa, to ya yi sallama da haihuwa."

Ban taɓa ganin ragar ba. Ban san da me ake yin ta ba. Na faɗa ne kawai don an taɓa yi mini aikin ƙaba, ana ganina masani a kanta, kuma bakina ya saba a saurare shi. Ɗan farina yana zaune can baya, inda ya saba zama idan ina wuri, kansa a sunkuye. Ban san ya ɗauki maganar ya ajiye ba.

Ni da yaron nan ba ma magana. Ba faɗa muke ba, haka muka taras ana yi a gidanmu. Sunan mahaifina ya ci, kuma tun ranar suna ban taɓa furta sunan ba. Da aka yaye shi, mahaifiyata ta ɗauke shi ta tafi da shi Dingaya, can ya girma a hannunta, sai da ya isa riƙe garma ya dawo. Gona ɗaya muke nomawa, amma idan ina son ya kai shanu rafi, sai in dubi wani in ce, "A gaya wa wancan shanu na jin ƙishirwa," yana tsaye yana ji. Shi ma idan ya zo gaishe ni, daga bakin zaure yake durƙusawa, ya ce, "Baba, an tashi lafiya?" Ni kuma in amsa ina kallon wani gefe. Ya yi aure, ya haifu, furfura ta fara fito masa a gemu, ba abin da ya sauya. A raina kuwa babu wanda ya kai shi. Ba a dai faɗa ne.

Akwai kuma abin da babu wanda ya sani sai mai ɗakina. Aikin da aka yi mini shekarun baya, ɗinki ne kawai, lokacin ba a san raga ba a wajenmu. An ja naman nan da na can an haɗa. An ce in huta, amma damina ta sauka, na ga kowa ya fita huɗa, na bi. Ba a daɗe ba abin ya dawo, a daidai wurin, ya ma fi na farko girma. Kunya ta hana ni komawa. Sai na yanki tsohon rawani na riƙa ɗaure mara da shi kullum da safe, in sa babbar riga a kai. Idan zan yi tari sai in dafe wurin. Idan ta sauko da yawa, in shiga ɗaki in kwanta rigingine in mayar da ita da hannu har in ji ta yi ƙugi ta koma. Duk wanda ya tambaye ni aikina, sai in ce, "Lafiya lau, kamar ba a yi ba." Da wannan ƙunshin a ƙarƙashin riga na zauna ina zagin raga.

Da kaka na fara gani. Muna loda dammunan dawa a amalanke, yaron ya ɗago wani ya kai kafaɗa, sai ya tsaya cak, ya sauke, ya kai hannun dama ƙasan mararsa ya danna, ya juya baya kamar mai gyaran tazuge. Na san hannun nan. Nawa ne. Shekara da shekaru haka nake yi.

Na tsaya da dami a hannu ina kallon bayansa. Tambaya ɗaya ce kawai ake bukata: me ya same ka. Ban iya ba. Abin ba a kai yake ba, ba a ƙafa ba, a inda ko sa'anka sai ka yi kara kafin ka ambata, balle ɗan fari. Na ce wa kaina kaluluwa ce, za ta baje. Rani ya wuce, damina ta zo ta wuce, ina ganin hannun nan yana ƙara yawan zuwa wurin. Tafiyarsa ta sauya, ya fara buɗe ƙafa. Idan ya tashi daga sujada sai ya ɗan jinkirta. Ni kuma barci ya ƙaurace mini, abinci ya daina yi mini daɗi, amma bakin nan nawa da ya iya surutu a majalisa ya kasa buɗewa a cikin gidana.

Daga ƙarshe na hau keke na tafi Sundimina wurin taubashina, ɗan gwaggona. Sa'ana ne, tare aka yi mana kaciya, kuma bai taɓa ganina ya ƙyale ni ba tare da ya tsokane ni ba. Shi ne kullum ɗan aike tsakanina da yaron idan maganar mai nauyi ce. Na same shi yana gyaran danga.

Ya ce, "A'a, bawana ne da rana tsaka? Tuwon gidanka ya ƙare ka zo cin nawa?"

Na ce, "Bar wasa. Wancan yaron nake so ka duba mini. Ina jin ƙaba ce."

Ya ajiye igiya ya dube ni. "Gida ɗaya kuke kwana, ka tako har nan don in tambayar maka shi? Kai dai da kunyarka za ku shiga kabari tare."

Ya je, ya tambaye shi. Ya dawo ya ce mini yaron ya ce ba komai, tana fitowa tana komawa, yana shan jiƙo. Na karɓi wannan amsa don ita nake son ji.

Ranar da ta ƙi komawa, muna cirar gyaɗa ne da hantsi. Na ji ƙaninsa yana ƙwala kira daga ƙarshen gona. Ko da na isa, yana kwance a kan kunyar gyaɗa ya naɗe kamar tabarma, gumi ya jiƙe rigarsa, ya yi amai. Da ya gan ni sai ya yi ƙoƙarin tashi zaune, don bai taɓa kwanciya a gabana ba. Wannan yunƙurin nasa har yau ban manta da shi ba. Aka samo mota aka kai shi asibitin Birnin Kudu. Ni na zauna a gaba kusa da direba, ban waiwaya ba, amma duk nishin da ya yi a baya a cikina yake sauka. Na san abin da ake faɗa: idan hanji ya maƙale ya daɗe, mutuwa yake, ya ruɓe a cikin mutum. Na taɓa raka gawar wanda haka ta same shi.

Allah ya taimake mu ba mu makara ba. Likita ya kwantar da shi, aka yi masa allura jikinsa ya saki, ya yi ta lallaɓa wurin a hankali har ta koma. Aka ba shi gado, aka ce za a sa masa ido a tabbatar hanjin bai ji ciwo ba, sannan a yi aiki kafin ya bar asibitin. Taubashina ya iso da yamma, mai ɗakina ma ta zo da kwanon abinci, ta zauna a baranda, ita ma ba ta shiga ba.

Washegari likitan ya aiko a kira mahaifin marar lafiya. Muka shiga ofishinsa ni da taubashina. Mutum ne matashi, bai kai yaron nawa ba a shekaru, yana da sanyin magana. Ya gaishe mu, sannan ya ce, "Baba, ɗanka ya yarda da aiki, amma ya ce kada a sa masa raga. Na tambaye shi dalili, ya ce babansa ya hana. Shi ne na ce bari in ji daga bakinka."

Na ce, "Ni? Yaushe na hana shi? Ban taɓa yin maganar nan da shi ba."

Taubashina ya ce, "Da shi kam ba ka yi ba. Da duk garin ka yi. Har Sundimina an kawo mana labarin kifinka."

Likitan bai yi dariya ba. Ya buɗe durowa ya ɗauko wata 'yar leda a rufe ya miƙo mini. A ciki akwai wani farin abu shafal, mai ƙananan huji, faɗinsa bai fi tafin hannuna ba. Ni a zatona wata igiya ce mai kauri irin ta masunta. Na juya ledar, ban ji nauyin komai ba.

Ya ce, "Baba, kai manomi ne. Idan buhu ya tsufa ya yage a gindi, ka ja bakin nan da bakin can ka ɗinke, ka cika shi da dawa ka ɗaga, me zai faru?"

Na ce, "Gefen ɗinkin zai sake yagewa."

"To in ka sa masa maho fa?"

"Zai riƙe."

Ya ce to haka bangon mara yake. Ƙaba ba wani ƙwaro ba ne, ba kuma iska ba ce. Wuri ne ya yi rauni ya buɗe, hanji ko kitsen ciki ya samu hanya yana turowa. Ya ɗauki takarda ya zana mini. Ya ce za a yi wa yaron allura a baya, daga cibiya zuwa ƙasa ya mutu na ɗan lokaci, idonsa biyu amma ba zai ji zafi ba. Za a tsaga a saman inda cinya ta haɗu da mara, tsawon kamar ɗan yatsa ko ya ɗan fi. A nemo jakar da ta turo, a raba ta da abin da ta manne wa, a mayar da abin da ke cikinta inda ya fito. Sannan a yanka ragar daidai wurin, a shimfiɗa ta a kwance a kan raunin, ta zarce shi ta kowane gefe, a kama bakinta da ɗinki ba tare da an ja nama an ɗame shi ba. Ya ce jan nan da ɗamewa shi ne ke sa ɗinki ya saki. Bayan wani lokaci naman mutum zai tsiro ya shiga cikin hujojin nan, su zama abu ɗaya, kamar yadda ciyawa ke riƙe ƙasar gini.

Tambayar da ke cina na kasa yin ta. Taubashina ya yi mini. Ya ce, "Likita, wannan malamin ya yi fatawa cewa mai raga ba ya ƙara haihuwa."

Likitan ya nuna zanen. Ya ce akwai wata igiyar jijiyoyi da ke ratsa wurin ta sauka zuwa maraina, ita ce ake jin tsoro. Ya ce ɗaga ta ake yi gefe a hankali, a tsaga ragar a yi mata ƙofa ta wuce ta ciki, ba a matse ta. Ya ce, "Ba zan ce maka aiki ba shi da haɗari ba, Baba. Wani wurin yakan yi ruwa, wani yakan daɗe yana jin ja ko zafi a wurin, wani ma ko da raga takan dawo, sai dai ba kasafai ba. Ɗinki zalla ma ana yin sa, akwai inda ya dace, kuma in ɗanka ya dage shi zan yi masa, jikinsa ne. Amma ramin nasa babba ne, naman wurin ya yi laushi, kuma sana'arsa ɗaukar kaya. Ina tsoron in ɗinke yau, ya dawo mini da ita."

Na ce a hankali, "In mutum ya mutu fa? Da ita za a binne shi?"

Taubashina ya ce, "Wanda mota ta karya aka sa masa ƙarfe a cinya, ka taɓa ganin an tsaya ciro shi kafin a yi masa sutura? Kai dai ka faɗi abin da ba ka sani ba, ka yarda kawai."

Da muka fito na ce masa ya je ya gaya wa yaron na janye, a sa ragar. Ya shiga, ni na tsaya a baranda ina kallon masu sayar da ayaba a bakin ƙofa ba tare da ina ganinsu ba. Ya daɗe. Da ya fito fuskarsa babu wasa, abin da ban saba gani ba.

Ya ce, "Ya ƙi. Ya ce, 'Baffa, na san kai da likita kuka matsa masa. Abin da ke ransa shi ne wanda ya faɗa a gaban jama'a. Kuma ga shi nan, shi da aka yi wa ɗinki ba raga, shekara nawa yana noma lafiya lau? Irin na Baba nake so.'"

Irin na Baba. Ina tsaye, rawanin nan yana cin naman ƙuguna, abin yana turo shi daga ciki.

Aka ce gobe da safe za a shiga da shi. Na rasa inda zan sa kaina. Na je masallacin asibitin na yi azahar, ban san abin da na karanta ba. Na riƙa ganin yaron a gona bayan shekara biyu, yana juya baya yana dannawa, yana yanka tsohon rawani, yana cewa mutane lafiya lau. Ko kuma ta maƙale masa ranar da babu mota a kusa. Duk saboda yana son ya yi kama da ni.

Na samu mai ɗakina a inda take zaune a kan tabarma a bayan ɗakin marasa lafiya. Na zauna nesa kaɗan na gaya mata. Na ce ko ita za ta aika a faɗa masa gaskiyar halin da nake ciki.

Ta ce, "Malam, in aika wa? Wa ya sani ban da ni? Kuma in an faɗa masa, cewa zai yi dabara ce." Ta gyara mayafinta. "Ni na haife shi, ni ma ban taɓa kama sunansa ba. Amma abin da zai gani ya yarda ba a jikina yake ba."

Na tashi na tafi neman taubashina.

Bayan la'asar na ce wa taubashina ya zo ya tsaya mini a bakin labule kada kowa ya shigo. Ya buɗe baki zai yi tsiya, ya dubi fuskata, ya fasa. Ɗakin dogo ne, gadaje a jere, masu jinya suna ta kai da kawo. Gadon yaron yana can kusa da taga. Da ya hango ni ya zabura zai sauko ƙasa, robar ƙarin ruwa tana hannunsa.

Na ce wa bango, "A zauna."

Na ja labulen ya kewaye mu. Tunda aka haife shi ba mu taɓa zama mu biyu a wuri mai ƙunci haka ba. Yana kallon zanen gado, ni ina kallon ƙarfen taga. Na fara magana irin yadda na saba, na ce, "A gaya wa mutum maganar da aka ji a majalisa ba ta da tushe." Na ji da kunnena yadda abin ya fita, babu wanda zan ce ya gaya masa, daga ni sai shi. Ya ce, "To, Baba," irin to ɗin da ake yi wa babba don a rabu lafiya. Na san bai sauya ba.

Sai na kira sunansa. Ba zan rubuta shi a nan ba, sau ɗayan nan ya ishe ni. Ya ɗago a firgice kamar wanda aka mara.

Na tattare babbar rigata na rataya a kafaɗa. Na ɗaga 'yar ciki. Na kwance ƙullin rawanin, na warware shi, ya zube a ƙasa. Ban sauke wando ba, ba a bukata. Na yi tari sau ɗaya, abin ya turo yadin wandon, ƙato, ƙasan tsohon tabon.

Ya rufe fuska da hannu ya ce, "Baba, don Allah. Don Allah, Baba."

Na ce, "Buɗe ka duba. Ga irin na Baban nan da kake so. Tun kana Dingaya ta dawo. Ƙarya nake yi wa mutane. Ragar nan ban taɓa ganinta ba sai yau."

Ya duba, kallo ɗaya, ya mayar da kai. Na ga hawaye yana ɗiga a kan zanen gadon. Na sunkuya na ɗauki rawanin, na cusa shi a aljihu na dafe wurin da hannu. Ina jan labule zan fita na ji ya ce, murya ƙasa ƙasa, "A gaya wa likita ya sa."

Taubashina yana tsaye a inda na bar shi. Labule ba ya tare magana, ya ji komai. Muka fito tare har baranda. Can sai ya ce, "Shekara nawa ina cewa ƙiba ce ta sa kake tafiya kamar agwagwa." Muryarsa ba ta fita daidai ba.

Da safe aka tura shi a gadon taya, aka rufe ƙofa. Zaman da na yi a bencin nan ban taɓa yin irinsa ba. Da, tsorona kada a ƙi sa ragar. Yanzu da aka shiga sa ta, sai tsoron ya juyo. Ni na sa shi ya yarda. In wurin ya ruɓe fa? In aka taɓa igiyar nan fa? In allurar bayan ta hana shi tashi? Duk wanda ya fito da koren kaya sai in miƙe, ya wuce ni. Carbina ya yi ta zagayawa. Mai ɗakina tana can gefe ta juya wa ƙofar baya, amma na lura duk buɗewar da za a yi sai kafaɗarta ta motsa.

Da likitan ya fito ya ce, "Baba, an gama. Hanjin lafiyarsa ƙalau, raga ta zauna." Na ce alhamdu lillahi, na koma na zauna. Daga baya yaron ya ba baffan nasa labari, shi kuma ya kawo mini, wai an sa masa ƙyalle a gaban fuska, yana jin ana taɓa shi ana ja amma babu zafi, har yana jin su suna hirar tsadar taki.

Hankalina bai kwanta ba ko da muka koma gida. Wurin ya kumbura, ya yi tauri kamar an sa guntun kara a ƙarƙashin fata. Matarsa ta faɗa wa mai ɗakina, ita kuma ta faɗa mini, na kwana ina cewa shi ke nan, ta dawo, ko ragar ce ta naɗe. Muka koma asibiti. Likitan ya duba ya ce haka sabon aiki yake yi, naman ne ke kama ragar, zai baje. Abin da za a ji tsoro shi ne zazzaɓi, ko wurin ya yi ja yana fitar da ruwa. Ya ce ya riƙa tafiya, kada ya kwanta kawai, amma buhu da dami da garma sai ya ba shi izini. A wannan karon ban aika kowa ba. A cikin mota, ina kallon gaba, na ce, "Ka ji abin da ya ce. Ni gaggawar huɗa ce ta kai ni inda ka gani." Ya ce, "Na ji, Baba."

Dawar shekarar nan gayya muka kira aka shigo da ita. Shi yana zaune a inuwa yana jin haushi, ni ma ƙannensa suka hana ni taɓa komai, da alama an gaya musu wani abu. Kumburin ya baje kamar yadda aka ce. Yanzu yana aikinsa, sai dai ya ce wa baffansa idan an yi sanyi yakan ji ɗan ja a wurin. Ina sa ido a kan hannunsa idan ya ɗaga kaya. Har yau ban ga ya kai shi can ba, amma ban daina dubawa ba. Matarsa tana da ciki, kuma tunda labarin ya kai Sundimina taubashina bai bar ni na sha ruwa ba.

Na koma gindin darbejiyar nan na faɗa musu abin da na gani da abin da na ɓoye. Ba a yi dariya irin ta wancan karon ba, kuma ba duk waɗanda suka ji ta farko ne suke wurin ba. Akwai wani maƙwabcinmu da na san yana fama da ita, na bi shi har gida. Ya ce, "Malam, ai kai ka ce." Na ce na ce, kuma ban san komai ba lokacin da na ce. Har yanzu bai je ba. Ban san su nawa ne irinsa ba, a nan ko a ƙauyukan da maganar ta kai.

Ni da yaron mun koma yadda muke. Yana durƙusawa a bakin zaure, ina amsawa ina kallon gefe. Sai dai kwanakin baya taubashina ya zo da saƙo daga yaron, yana murmushi. Ya ce, "An ce a gaya wa Baba, likita ya ce saura shi. Kuma an ce in bai je ba, za a daina cin tuwon gidansa." Na je. Likitan ya ce nawa ya fi wuya, don wurin da aka taɓa tsagawa naman ya cakuɗe da tabo. Ya ce wataƙila ya tura ni Kano, inda ake huda ciki ƙananan huji a zura madubi, a shimfiɗa ragar ta ciki, ta bayan bangon, ba sai an bi ta tsohon wurin ba. Ana ta auna jinina da ƙirjina saboda shekaru. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye ba. Rawanin yana ƙuguna yanzu haka da nake rubutun nan.

Karatuna bai wuce allo da ajin yaƙi da jahilci ba, ba ni da abin da zan koya wa kowa game da aikin likita. Roƙona kawai, wanda ake saurara idan ya yi magana, kada ya yanke hukunci a kan abin da bai taɓa gani ba, don akwai mai zama a baya yana ɗauka. Wanda kuma ya ga ɗansa ya sauke kaya ya dafe mara, ko ɗan fari ne, kada ya hau keke neman ɗan aike kamar yadda na yi. Ya tambaye shi a wurin, ko da bango zai kalla.